Nikon ko Canon? Abin da Mafoni ta koya mini kan sayen kyamara

Kwana biyu an ji ni shiru, kuma ba komai ya jawo ba illa wata 'yar shawara da ta hana ni sakat kusan wata biyu. Kyamara nake son saye, guda biyu suka tsaya mini a rai, kullum idan na kwanta da wadda nake so, in gari ya waye sai in tashi da ɗayar. Na san wani zai ce, mutane na fama da tsadar masara kai kana maganar kyamara? Yana da gaskiyarsa. Amma mai karatu ya ɗan yi haƙuri ya ji dalilina tukuna, wataƙila ya ga cewa maganar ta shafe shi shi ma.

A daren 9 zuwa wayewar garin 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shigo Maiduguri irin shigowar da ba a ga kamarta ba tun ta 1994. Gwaggona tana zaune a Gwange, kuma da kayan jikinta kaɗai ta fito. Alhamdu lillahi, ba mu rasa rai ba. Da ruwa ya janye aka koma gidan, cikin abin da aka tarar har da wata tsohuwar akwatin ƙarfe da ake ajiye hotunan danginmu a ciki. Hotunan sun manne da juna, launinsu ya narke, dodon hoton ma da ake iya sake wankewa da shi ya ruɓe. A cikin akwatin nan ne hoton mahaifinmu yake, wanda aka ɗauka a shagon mai hoto tun yana saurayi. Ba mu da wani sai shi. Na yi shekaru a Manchesta ina ɗaukar hotunan gadoji da tantabaru da dusar ƙanƙara, amma ban taɓa tunanin in kwafi wannan hoto guda ɗaya ba. Yau idan 'ya'yana suka tambaye ni kamannin kakansu, sai dai in ce su dubi ƙanena, su ƙara masa tsawo.

Hajiyarmu tana nan da ranta a gidanmu na Mafoni, shekaru sun ja, ƙawayenta na tafiya ɗaya bayan ɗaya. Na ƙudurta cewa abin da ya faru da hoton Baba ba zai faru da nata ba. Wannan shi ne aikin da nake nema wa kyamara. Ba sana'a zan yi da ita ba, ba kuma gasa zan shiga ba.

Akwai wani abu kuma da ke damuna tun da na dawo gida. Unguwar nan tamu tana da tsohon tarihi da kyamara, sai dai kyamarar ba a hannunmu take ba. A nan Turawan Ingila suka kafa sansaninsu, suna rubuta sunan wurin Maifoni, tun kafin Shehu Abubakar Garbai ya kafa Yerwa a 1907. A nan aka binne Claud Alexander a 1904, sannan aka binne ɗan'uwansa Boyd Alexander kusa da shi bayan an kashe shi a 1910. Budurwar Boyd, Olive MacLeod, ta yi doguwar tafiya don ta ga kabarinsa, ta koma ta buga littafi mai hotuna a 1912. Wato hotunan farko na ƙasar nan baƙi ne suka ɗauka, kuma abin da ya ba su sha'awa shi suka ɗauka. Daga 2009 kuma, hoton Maiduguri da duniya ta sani shi ne na hayaƙi da sojoji da sansanin 'yan gudun hijira. Ina Ingila a lokacin, kuma wallahi na sha kallon garinmu a talabijin ina kasa gane shi. Shi ya sa nake jinjina wa Fati Abubakar, wadda bayan ta dawo daga karatu a Landan ta fara aikin da ta kira Bits of Borno a 2015, tana ɗaukar 'yan kasuwa da 'yan makaranta da amare. Ta nuna cewa ɗan gari yana ganin abin da baƙo ba ya gani. Ni nawa burin bai kai nata ba, tsakar gidanmu kawai nake so in riƙe.

To, mu zo kan kyamarorin. Wanda bai saba ba yakan ɗauka cewa kyamara guda ake saye a wuce wurin. A gaskiya gida ake shiga, kamar aure. Kowane kamfani yana da irin bakin da ake ɗaura gilashi a kansa, kuma gilashin wannan ba ya shiga bakin wancan sai da dabara. Da zarar ka sayi gilashi biyu ko uku, da batir da caja, ka ɗaure kanka, fita sai da asara. Nikon ta fito da bakinta mai suna F tun 1959, Canon ta fito da nata EF a 1987. Duka biyun na kyamarori ne masu madubi a ciki: haske ya shigo ta gilashi, madubi ya tura shi sama zuwa tagar da kake leƙawa, idan ka danna sai madubin ya ɗaga, hasken ya faɗa kan sensa. Wannan ƙarar “ƙaras” da muka sani, yawancinta ta madubin ce. A 2018 kamfanonin biyu suka fito da sabon tsari wanda babu madubi, Nikon ta kira nata Z, Canon ta kira nata RF, bayan Sony ta riga su da A7 tun 2013. A wannan tsari hasken kai tsaye yake zuwa kan sensa, abin da kake leƙawa kuma ɗan ƙaramin allo ne.

Zaɓina ya tsaya tsakanin tsohon gida da sabon gida. A gefe guda akwai Nikon D750 ta hannu, wadda ta fito a 2014, mai madubi, mai babbar sensa daidai da faɗin fim na da. A ɗaya gefen akwai Canon EOS R50 sabuwa, wadda ta fito a 2023, marar madubi, mai ƙaramar sensa. Dukansu megafiksel 24 ne, kuma kuɗin da aka gaya mini bai yi nisa da juna ba. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, don haka babu maganar in sayi ɗaya in gwada, in ba ta yi ba in sayi ɗayar. Harbi ɗaya gare ni.

Zuciyata tun farko tana wajen Nikon, kuma ina da hujjoji masu ƙarfi. Na farko batir. A ma'aunin da kamfanonin ke amfani da shi, D750 tana ɗaukar hoto 1,230 da caji ɗaya, ita kuwa R50 ba ta kai 500 ba, saboda allonta da sensarta suna shan wuta muddin tana kunne. Wanda ya zauna a garin nan a 2021, lokacin da aka fasa turakun wutar da ke tahowa daga Damaturu a watan Janairu muka shafe watanni a duhu, ba sai an yi masa bayanin darajar batir ba. An buɗe tashar wuta mai aiki da iskar gas mai megawat 50 a Maris na 2023, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na biyu ƙura. Idan hunturu ya kama, ƙurar Maiduguri har cikin tukunyar da aka rufe take shiga. Kyamara mai madubi, idan ka cire gilashi, akwai madubi da ƙyaure a gaban sensa. Marar madubi kuwa sau da yawa sensar ce ke kallonka tsirara. Na uku, D750 tana cin katin memori biyu, tana iya rubuta kowane hoto a kan duka biyun, ita R50 ɗaya take ci. Ga mutumin da asarar hoto ce ta kawo shi kasuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na huɗu, ina da tsohon gilashin Nikon na milimita 50 da na saya tun zamanin D70 ɗina, yana nan a cikin jaka yana jiran jiki. Babbar sensa kuma ta fi ƙarama iya aiki a ɗaki mai duhu. A kan takarda dai Nikon ta cinye.

Abin da ya sauya mini ra'ayi ba a takarda ya faru ba. Wani abokina mai ɗaukar hoton biki ya ara mini babbar kyamararsa mai madubi, irin girman wadda nake so, na yi mako guda da ita. Ranar farko na shiga ɗakin Hajiya da ita a rataye. Ta dube ni, ta dubi abin, ta ce, “Kai kuma yaushe ka koma ɗan jarida?” Na ce, “Hajiya, ke zan ɗauka.” Nan take ta ja mayafi, ta gyara zama, ta haɗe fuska kamar mai ɗaukar hoton fasfo na aikin Hajji. Na ɗauki kusan ashirin. Duk sun fito tas, kuma babu ɗaya a cikinsu da yake Hajiyar da na sani, mai tsokanar jikoki tana ɓare gyaɗa. Kwana uku bayan haka aka yi suna a gidan maƙwabta. Malam na cikin addu'a na danna, ƙarar madubin nan ta sa kusan rabin zauren suka waiwayo. Na ji kunya ƙwarai, na sauke ta ban ƙara ɗagawa ba.

A titi abin ya fi haka. Mutanen garin nan sun ga abin da ya sa ba sa sakin jiki da baƙon abu, kuma ban ga laifinsu ba. Tun da aka hana acaɓa a 2011 Keke Napep muke hawa, kuma duk keken da na shiga da jakar nan sai wani ya tambaye ni ƙungiyar da nake wa aiki. A wani shinge jami'in tsaro ya sa na buɗe jakar, ya yi mini tambayoyi cikin mutunci, ya sallame ni. Bai yi mini komai ba, aikinsa ya yi. Amma washegari da zan fita, sai na tsinci kaina ina kallon jakar ina cewa bari dai yau in bar ta. A rana ta biyar na lura cewa kwana biyu ke nan ban fita da ita ba. D750 da batir ta kai giram 840 kafin a ɗaura mata gilashi. A watan Afrilu, da zafi ke wuce digiri 40, wa zai rataya wannan ya tafi Kasuwar Monday don kawai wataƙila ya ga abin ɗauka? A nan na gane cewa batir mai hoto 1,230 ba shi da amfani a cikin durowa.

Daga baya ɗan yayata ya karɓo mini ƙaramar Canon a wajen wani abokin karatunsa, na yi kwana uku da ita. Nauyinta da batir giram 375 ne, kasa da rabin waccan. Da ƙaramin gilashi a kanta tana shiga aljihun babbar riga. Ana iya kashe ƙararta gaba ɗaya. Allonta yana juyawa, don haka ina iya ajiye ta a cinya ina hira, ba sai na rufe fuskata da ita ba. Na gaya wa Hajiya tun farko cewa zan riƙa ɗaukarta, ta ce in yi abin da na ga dama, bayan minti goma ta manta da ni. A ranar na samu hotonta tana dariya har tana share hawaye da gefen mayafi. Da na nuna mata sai ta ce, “Ashe haka na tsufa?” Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a wanke mata guda. Kyamarar tana gane ido ta bi shi da kanta, abin da ke da amfani idan jikoki na guje-guje, kuma tun kafin ka danna kana ganin yadda hasken hoton zai fito, wanda ya rage mini ɓarna a ɗakunanmu da taga ɗaya ce.

Maganar wuta ma da na sake dubawa, sai na ga na yi lissafi da zamanin da ya wuce. Rashin wutar 2021 ya koya wa gidaje da yawa sola, har da namu. R50 tana karɓar caji ta waya irin ta USB-C, idan fawa bankin mai ƙarfi ne, ita kuwa D750 sai an cire batir an sa a cajarta an nemi soket. Batir biyu na ƙari sun rufe gibin. Ƙura kuwa maganinta a wajena shi ne in ɗaura gilashi guda in bar shi a wurin. Na zaɓi na milimita 28, wanda a kan ƙaramar sensar Canon yake ba da faɗin kusan milimita 45, kusa da yadda idon mutum ke gani. Na 50 da aka fi yabo zai koma kamar 80, kuma a ɗakin Hajiya sai na fasa bango kafin in samu mutum uku a hoto ɗaya. Katin memori guda ɗaya shi ne raunin da ban samu amsarsa ba, sai dai ɗabi'a: duk daren da na yi ɗauka sai na kwafe kafin in kwanta.

Sai maganar gobe. Manyan kyamarori masu madubi na ƙarshe da kamfanonin biyu suka fitar, Nikon D6 da Canon EOS-1D X Mark III, duk a 2020 suka fito, kuma tun daga nan ƙarfinsu ya koma kan sabon tsari. Wannan ne ya sa kayan tsohon tsari suka yi araha a kasuwar hannu, kuma alheri ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Sai dai kyamarar da ta fito a 2014 ta riga ta yi tafiya. An ƙiyasta ƙyauren D750 a kan dannawa 150,000, kuma wadda ta fito daga hannun mai hoton biki tana iya cinye mafi yawan wannan. Duk mai sayen ta hannu ya sa a duba masa adadin dannawar kafin ya biya. In ta lalace kuma, sai an aika Kano ko Legas a zauna jira. Ɗan yayata ya tambaye ni, “Kawu, to me zai hana ka sayi Nikon marar madubi, tunda kana da gilashinsu?” Tambaya ce mai kyau. Akwai adafta mai suna FTZ, amma tsohon gilashina irin wanda jikin kyamara ke juyawa ne, kuma a kan adaftar ba ya saita kansa, sai da hannu. Da na gane haka, sai na ga igiyar da ta ɗaure ni da Nikon ba ta wuce sabo ba. Gilashi guda bai isa ya yanke mini hukuncin shekara goma ba.

Ya sake tambaya, “Kawu, wayarka fa? Ai tana ɗauka.” Tana ɗauka, kuma wanda ba shi da halin kyamara kada ya jira, ya ɗauki iyayensa da wayar yau ɗin nan. Da babu gara ba daɗi. Matsalata da waya ita ce hoton da ke cikinta ba ya daɗewa. Ana sace ta, tana faɗawa ruwa, ana goge hotuna don a samu wurin bidiyon WhatsApp, wanda aka tura kuma an matse shi har ba ya wankuwa da girma. Na tambayi mutum biyar a gidanmu su nuna mini hoton da suka ɗauka shekara biyar da suka wuce, mutum ɗaya ne ya iya.

Don haka na sayi Canon ɗin. Ba ina cewa ta fi Nikon ba, kuma wanda ya ce zai ja ni musu a kan wane kamfani ne gaba, shi kaɗai zai yi. Da sana'ar hoton biki zan yi, da D750 zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba, domin mai biki yana son ya ga babbar kyamara, wuni guda ake yi ana ɗauka, kuma hoton amarya ba a sake shi idan kati ya mutu. Wanda abokansa duk Nikon suke riƙe da ita, shi ma ya bi su, saboda aron batir da gilashi a garin da babu shagon kaya ya fi kowace talla. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da nake ja da shi shi ne ɗabi'ar da na dawo da ita daga Turai, ta zaɓen kaya da alƙaluma kamar a sarari za a yi amfani da su. Masu gwada kyamarori a can ba sa auna ko tsohuwa za ta saki fuska a gabanta, ko za a iya shiga zauren addu'a da ita, ko za ta sa a tsare ka a hanya. Mu a nan waɗannan ne ke yanke hukuncin ko za a samu hoton ko ba za a samu ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci. Akwatin Gwange ba rashin kyamara mai kyau ne ya cinye ta ba, ajiya wuri guda ce. Yanzu duk wata ina zaɓen hoto ashirin in kai a wanke, in rubuta suna da shekara da wuri a bayan kowanne da fensir. Kwafi ɗaya na kwamfutata, ɗaya a intanet, ɗaya kuma ina aika wa ƙanwata a Kano. Na kuma fara bin gidajen dangi ina ɗaukar tsofaffin hotunan da suka rage a bango da ƙarƙashin katifa. A makon jiya, a gidan wani baffanmu, na ga hoton wani ɗaurin aure na shekarun 1970, kuma a layin baya akwai wani dogon mutum da rabin fuskarsa ta ɓuya a bayan hular wani. Baffa ya ce yana kyautata zaton Baba ne. Hajiya ta sa tabarau ta duba, ta yi shiru, ta ce a bar mata shi a ɗakinta.

Mai karatu, in iyayenka na raye, ka ɗauke su da abin da ke hannunka, ka nemi izininsu, ka wanke, ka raba wa 'yan'uwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kiyaye garinmu daga ruwa da wuta da fitina. Sai mun sake haɗuwa, in Allah ya kai mu.